Malama Atika da Harshen Innarta

A wata sakandaren jeka-ka-dawo ta ƙasar Bagudo akwai malamar Hausa da ake kira Malama Atika. Doguwa ce, siririya, ba ta da yawan fara'a, kuma tunda ta fara koyarwa ba wanda ya taɓa ganin ta da bulala. Ba ta ma da bukatarta. Idan yaro ya yi kuskure a aji sai ta dakata, ta ƙwanƙwasa alli a kan zoben azurfar da ke yatsanta, ta maimaita abin da ya faɗa da irin muryarsa. Aji ya kwashe da dariya, hukunci ya ƙare ke nan. Iyaye suna yabon ta, suna cewa ita ce malamar da ba ta duka.

A Lolo aka haife ta, garin kasuwar nan da ke daf da iyakar Benin. Mahaifinta Bahaushe ne manomin shinkafa, ya rasu tana firamare. Mahaifiyarta kuwa daga tsallake aka auro ta, daga wani ƙauyen Dandawa na bakin kogi, kuma har ta tsufa Hausarta ba ta zauna ba. Bandar kifi take yi tana kaiwa kasuwa. Da Dandanci aka yi wa Atika tawai tana goye, da shi aka yi mata faɗa, da shi ta fara ƙirga.

Da ta gama firamare sai ƙanen mahaifinta ya kai ta makarantar kwana a birni. Nan ta fara sanin cewa bakinta yana da aibi. Dandanci bai raba namiji da mace a magana, saboda haka sai ta ce "malama ya zo" ko "ƙanena ta faɗi", 'yan ɗakinsu su yi ta birgima a kan katifa. Suka laƙa mata "'Yar Tsallake". Ba ta kai ƙara ba, ba ta kuma yi kuka a gaban kowa ba. Ta dai kama harshenta da horo. Tana sauraren masu labarai a rediyo tana bin su a hankali, tana wanki tana jera kalmomi, wannan namiji wannan mace, har ya zama kafin ta fita makarantar ita ce ke gyara wa 'yan birni rubutu. Ta wuce kwalejin horon malamai, ta karanta Hausa, ta auri Ma'azu malamin gona, aka turo su Bagudo.

Ba ta yar da mahaifiyarta ba. Duk hutu tana zuwa Lolo da atamfa da sabulu da maganin ciwon gwiwa. Amma a makaranta ba ta taɓa ambaton garinsu ba. Abokan aikinta sun ɗauka 'yar Birnin Kebbi ce, ita kuma ba ta yi musu ƙarya ba, ba ta dai gyara musu ba.

Makarantar tasu ta tara yara iri-iri. Akwai 'yan cikin gari, akwai 'ya'yan Fulani daga rugagen wajen Bahindi da Lafagu, akwai kuma 'yan ƙauyukan bakin iyaka da ke zaune gidajen dangi. Ba wanda ya rubuta doka, amma kowa ya san wurinsa. 'Yan gari ne a kujerun gaba, su ne firifet, su ne ke fara shan ruwa a famfo. Haka aka daɗe, har ranar da faɗa ya kaure a bakin famfon aka fasa wa wani yaro Bafillace goshi da murfin bokiti, mahaifinsa ya zo da sanda a kafaɗa ya ce zai kwashe 'ya'yansa da na 'yan'uwansa gaba ɗaya.

Shugaban makarantar, Malam Ibrahim Khalil, bai daɗe da zuwa ba. Maimakon ya jera yara a yi musu bulala, sai ya ce a kafa kwamiti na ɗalibai da malamai, su zauna tare su duba inda ake fifita wani a kan wani. Wasu malamai suka yi gunaguni, suna cewa yaro ba ya zama kujera ɗaya da malaminsa. Shi dai ya nace, ya kuma ɗora Malama Atika a kan kwamitin, domin a cewarsa ita ce yara ba za su ji tsoron magana a gabanta ba.

Ƙarƙashin bishiyar dogon yaron bayan ofis suke zama bayan an tashi. Da farko yaran sun noƙe, sai da Sadisu, shugaban ɗalibai kuma ɗan wani babban ɗan kasuwar gari, ya buɗe baki ya ce shi kansa tun yana aji ɗaya bai taɓa riƙe tsintsiya ba, kullum 'yan mata da 'yan ƙauye ke share ajinsu. Daga nan maganganu suka ɓalle. Bunyaminu, yayan yaron da aka fasa wa goshi, ya ce ko sunansu ba a kira, sai dai "kai Agwai". A cikinsu akwai wata yarinya 'yar ajin kusa da ƙarshe mai suna Hamdiyya, daga wani ƙauye gaba da Lolo. Gwana ce a lissafi, amma Hausa kullum da ƙyar take tsallakewa. Ita ba ta cika cewa komai ba.

Malama Atika ta yi aiki tsakani da Allah. Ita ta tsara a riƙa juya wurin zama duk mako, ita ta sa aka raba shara tsakanin maza da mata, ita ta tsaya a bakin famfo cikin rana har layi ya zama layi. Da aka zo zaɓen firifet ta yi gardama da malamai har aka yarda ɗalibai su jefa ƙuri'a. Idan ta koma gida takan ba Ma'azu labari da jin daɗi, har da yi wa wasu abokan aikinta tsiya a kan son kai.

Ana cikin haka yaran suka ce suna son yin wasan kwaikwayo a asambali, su nuna wa makaranta abin da suka tattauna. Suka shirya abinsu su kaɗai, sannan suka gayyaci shugaban makaranta da malaman kwamiti su ga gwaji a wani aji da ba kowa. An nuna faɗan famfo, an nuna shara, kowa yana dariya. Sai aka jawo tebur, Hamdiyya ta fito ta gyara ɗaurin kallabi, ta ɗauki alli. Wata ƙaramar yarinya ta miƙe daga kujerar baya ta ce innarta ya tafi kasuwa.

Hamdiyya ta dakata. Ta ƙwanƙwasa alli a yatsanta, ta karkata kai.

"Inna ya tafi kasuwa," ta maimaita da siririyar murya. "To, ku a garinku innarku namiji ne? Zauna. In kin koma gida ki wanke bakinki ki taho."

Wani malami ya fashe da dariya, ya waiga gefensa ya ga Malama Atika, dariyar ta ɗauke. Malama Atika ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi daga wuya zuwa baya. Ba a ambaci suna ba, amma kalmomin nata ne, ba ragi ba ƙari. Ta tuna ranar, ta tuna ma wace kujera. Hamdiyya ce yarinyar da ta faɗa wa haka, a makon da ta fara zuwa makarantar. Hannunta mai zoben ta saka ƙarƙashin mayafi. Malam Ibrahim Khalil ya duƙar da kai yana duban takalminsa.

Da aka gama aka tambayi malamai ko akwai gyara. Malama Atika ta so ta ce babu. Abin da ya fito bakinta shi ne, wasan ya yi kyau, amma a cire ƙwanƙwasa allin nan, yana ɗauke hankalin masu kallo. Hamdiyya ta ce, "To, Malama," ba ta ko ɗago ba. Aka yi wasan ranar Litinin ba alli, kuma duk da haka sai da rabin makaranta suka juyo suna neman inda take tsaye. Abin da ya fi ci mata rai ba wasan ba ne, gyaran da ta nema ne. Ta san yaran sun gane dalilinsa.

Ba a yi nisa ba sai ga abin da ya fi wannan. Idon mahaifiyarta ya daɗe yana hazo, sun shirya za ta zo Bagudo a kai ta asibiti ranar Asabar. Tsohuwa ta samu motar kasuwa tun kafin ranar, ta shigo abinta. Ta tarar da gida a kulle, maƙwabta suka nuna mata hanyar makaranta. A bakin ƙofa ta yi ta yi wa maigadi bayani yana kasa kamawa, sai Hamdiyya da aka aika ɗebo alli ta ji harshen gidansu. Ta durƙusa ta gaida tsohuwa, ta karɓi kwandon da ke kanta, ta yi mata jagora.

Lokacin tara ne, ofishin malamai cike. Warin bandar kifi ya riga su shiga. Malama Atika ta ɗago daga littattafan da take dubawa ta ga mahaifiyarta a bakin ƙofa, da zane mai ƙura da silifas, tana lalube da ido. Da tsohuwa ta gane ta sai fuskarta ta washe, ta shiga zuba Dandanci, tana cewa ta sha hanya, direba ya tsaya ko'ina, ga kifi ta kawo wa jikokinta, da ta san makarantar tana da girma haka da ta sa zanen sallarta.

Malama Atika ta miƙe ta ce da Hausa, "Sannu da zuwa, Inna. Mu je gida."

Tsohuwa ta ɗauka ba ta ji ba ne, ta sake tambaya da harshenta ko yaran suna lafiya, ko ƙaramar ta daina tari. Amsar tana bakin Atika, gajera ce, amma ta ga idon malamai a kanta, harshenta ya yi nauyi. Hamdiyya ta dubi wannan ta dubi waccan, ta zaci Malama ba ta jin harshen, sai ta matso a ladabce.

"Malama, cewa ta yi wai ya jikin ƙaramar, ko ta..."

Tsohuwa ta dafa hannun yarinyar. Ta dubi 'yarta da idon nan mai hazo, sannan ta ce wa Hamdiyya da Dandanci, a hankali, "Bari, ɗiyata. Tana ji. Gajiya ce ta yi." Daga nan ta juya ga malamai ta gaishe su da gurguwar Hausarta, ɗaya bayan ɗaya, ta yi musu godiya da suke riƙe mata 'ya.

Suka hau kabu-kabu zuwa gida. Atika ta yi ta jiran faɗa, har addu'a take a yi mata shi. Tsohuwa ta yi wanka, ta ci tuwo, ta goya ƙaramar jikarta. Abin da kawai ta ce game da makaranta shi ne yarinyar nan mai hankali ce, ta san kakarta, tare suke shanya kifi a da. A asibiti Atika ce ta yi tafinta tsakanin ta da likita, Dandancin yana fita sumul tunda ba wanda ya san ta a wurin, wannan ma ya ƙara mata jin nauyin kanta. Aka ba da maganin ɗigawa, aka sa ranar aiki, tsohuwa ta koma Lolo ba ta tayar da zancen ba.

Hamdiyya ma ba ta gaya wa kowa ba. Malamai sun ga abin da suka gani amma ba su ji abin da tsohuwa ta faɗa ba, yarinyar kaɗai ta ji. Atika ta riƙa shiga ajinsu tana kallon allo da taga da rufi, ko'ina ban da inda take zaune. Ta daina kwaikwayon muryar kowa. Wata rana wani yaro ya ce "saniya ya sha ruwa", aji ya yi shirin dariya yana jiran ta, sai ta juya ga allo ta ce akwai harsunan da ba su raba namiji da mace, mai irin wannan harshe ba wawa ba ne, aiki biyu yake yi. Ta koya musu dabarun da ta koya wa kanta a bakin wanki tana yarinya, ba ta dai ce daga ina ta samo su ba.

Ƙarshen zango aka kira taron iyaye da malamai. Kwamiti ya kawo shawarar a sa masu fassara, tunda iyaye da yawa sukan zo su zauna su tashi ba su fahimci rabin abin da aka ce ba. Bunyaminu ya ɗauki Fillanci, Hamdiyya ta ɗauki Dandanci. A ranar an cika, har da matan da ba su taɓa zuwa ba. Bayan an gama zancen jarabawa sai wata mata daga ƙauyukan iyaka ta miƙe a bayan rumfa. Ta ce ɗanta ya bar makarantar nan tun bara. Ba duka aka yi masa ba, da duka ne da ta kora shi ya dawo. Wata malama ce ta mai da maganarsa abin wasa, kullum ya buɗe baki sai a yi dariya, har ya zama ko a gida ba ya son magana. Ta ce ta zo ne ta ji ko abin da ake koyarwa ke nan.

Hamdiyya ta karɓi lasifika. Ta ce matar tana cewa ɗanta ya bar makaranta saboda bai ji daɗin zaman aji ba, tana roƙon a riƙa haƙuri da yara.

Malama Atika tana zaune a layin malamai, ta ji duka biyun, abin da aka faɗa da abin da aka fassara. Ta gane yarinyar rufa mata asiri take yi, kamar yadda tsohuwa ta rufa mata a ofis. Ta ga idan ta ci gaba da zama, to haka za a yi ta ɗaukar mata kaya har ta yi ritaya. Ta miƙe, ta miƙa hannu Hamdiyya ta ba ta lasifikar.

"Ranka shi daɗe," ta ce wa shugaban makaranta, "akwai sauran magana da ba a kawo ba."

Ta fassara abin da matar ta ce tun daga farko, ba ta tsallake zancen malamar ba, ba ta kuma tausasa ko kalma ɗaya ba. Ba wanda ya tambayi wace malama ce. Sannan ta juya ga matar ta gaishe ta da Dandanci, ta tambaye ta sunan yaron da sunan ƙauyensu. A tsakiyar magana wata kalma ta ɓace mata, wata tsohuwa daga cikin rumfa ta jefo mata ita. Matan bayan suka fara ƙus-ƙus, ɗaya ta ce ai wannan ɗiyar mai kifin Lolo ce, ga goshin nan. Ta koma ta zauna ba ta dubi kowa ba, gumi ya jiƙa mata riga.

A hutun ta hau mota har ƙauyen. Sunan yaron Hamma. Ta same shi a bakin kogi yana gyaran injin jirgin ruwa tare da kawunsa, ya yi tsawo, hannunsa duk baƙin mai. Ya gaishe ta da ladabi. Ta yi masa magana da harshensu, ta ce ya dawo, za ta yi masa darasi ita da kanta har ya cim ma 'yan ajinsu. Ya saurare ta har ta gama, ya ce ya gode, amma ya riga ya saba da nan, kuma kawunsa ya fara sakar masa aiki. Uwar ta ba ta ruwa da soyayyen kifi, ta raka ta har bakin hanya. Hamma bai dawo ba.

Kwamitin yana nan har yanzu, ko da yake wasu abubuwan sun koma yadda suke. Layin famfo yakan rushe idan ba malami a kusa, kuma akwai malaman da har gobe ba su yarda da zama da ɗalibai ba. Amma a shekarar da ta biyo baya ɗalibai sun zaɓi Bunyaminu mataimakin shugabansu, sanarwar asambali kuma da harshe uku ake yin ta. Hamdiyya ta ci Hausa a jarabawar fita, ta tafi karatun aikin jinya. Ranar da ta zo sallama, Malama Atika ta shirya maganganu da yawa, amma abin da ta iya cewa shi ne Allah ya ba da sa'a, ta gaida mutanen gida. Wasu abokan aiki sukan tsokane ta su ce ashe shekara da shekaru Badandiya ce ke koya musu Hausa. Takan yi murmushi, abin bai daina sukar ta ba.

An yi wa tsohuwa aikin ido, ɗaya ya buɗe. Da dogon hutu ya zo Atika ta kai babbar 'yarta Zakiyya Lolo ta bar ta wurin kakarta. Yarinyar ta dawo ta yi baƙi, tana warin hayaƙi, ta iya sunayen kifaye da gaisuwa da zagi kala biyu. Suna zaune tsakar gida da la'asar tana ta jero su ga ƙannenta, sai ta juyo.

"Mama, Kaka ta ce kin fi kowa iyawa kina ƙarama. Don mi ba ki koya muna ba?"

Atika tana tsince shinkafa a faifai. Ta ci gaba da tsincewa na ɗan lokaci, sannan ta ce mata ta tashi ta ɗauko tsintsiya, kaji sun ɓata bakin ƙofa.